Littattafan Ashiru Ba Hatimi Ba Ne

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Malam Ashiru. Ni dillalin filaye ne, ban iya fara magana ba sai na ƙirga abin da ke ƙasa. Ban da gida da iyali, ga abin da ya bari: littattafan rubutu goma sha huɗu masu baƙin bango, taswira tara a naɗe, tsohuwar hula ɗaya cike da 'yan guntayen takardu, sai sunansa na mutumin kirki. Kwana uku da binne shi aka zube waɗannan kaya a gabana, ban da littafi ɗaya, aka tambaye ni ko na san su.

Bari in fara da bayanin littattafan. Ashiru mai zanen taswira ne a wani ofishin awon filaye can GRA, ta nan muka saba. Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo musu ya koya masa wani wasa na Turawa. Mutane ne za su kewaye tebur, kowa ya ɗauki wani mutum na ƙage ya zama shi, ɗaya kuma ya riƙe labarin, yana gaya musu inda suka shiga da abin da ya tare su. Dokokin wasan suna cikin wani littafi mai kauri, amma ƙasar da ke ciki ta ƙanƙara ce da gidajen dutse. Ashiru ya ce shi ba ya iya jin tsoron wurin da bai san warinsa ba. Sai ya bar dokokin yadda suke, ya shiga rubuta musu ƙari. Ya gina birni irin namu, mai ganuwa da ƙofofi da marina da rijiyoyi, ya sa masa suna Birnin Tsakar Rana. Kowane littafi unguwa ɗaya ce: wa ke da iko a cikinta, me ake sayarwa, wace bishiya ce ba a hutawa a ƙarƙashinta.

Mu biyar muke zama ranar Asabar da hantsi, a ɗakin bayan shagona kusa da Ƙofar Kaura. Dukkanmu magidanta ne, shi ya sa muke tura ƙofa. Turawa irin ɗan ludo suke jefawa. Ashiru ya ce wannan ya yi kama da caca, don haka ya rubuta lambobi a guntayen takardu ya zuba a hula. Ka sa hannu ka zaro lamba, shi kuma ya duba shafin da ya tsaga gida-gida, kowane gida da lambarsa da abin da zai same ka. Da ajami yake rubutu, don hannunsa ya fi gudu a can.

A birninsa ba a tsoron dare. Komai yana faruwa ne lokacin da rana ta take, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Mutanen birnin kuwa ba ƙirƙirarsu yake yi ba. Duk wanda ya rasu a unguwa, in mun dawo daga maƙabarta, a makon nan zai ba shi gida da sana'a a cikin littafi. Tsohuwa mai ƙosai ta bakin masallaci ta samu rumfa. Wani ɗan acaɓa da mota ta kaɗe ya zama mai gadin rijiya. Na taɓa ce masa abin nan yana sa tsigar jikina tashi. Ya yi dariya ya ce, “Alhaji, kai kana raba wa masu rai filaye. Ka bar ni da waɗanda ba su da dillali.”

Ran sadakar uku, zauren gidan cike yake, sai yayansa Malam Haladu ya fito da kayan. Mutum ne mai tsoron Allah, ba mugu ba. Ya buɗe littafi ya ga gidaje huɗu-huɗu da lambobi da ajami, irin tsarin hatimin malaman tsibbu. Ya buɗe wani ya ga sunayen mamatan unguwa a jere, kowanne da alama a gefensa. Sai ya karanta layi ɗaya a fili: “Bakwai. Wata murya za ta kira ka daga bayanka, irin ta mahaifiyarka. Kada ka waiwaya.”

Wannan layin ni na ba Ashiru shi, wata Asabar muna shan shayi, har ya yaba mini.

Malam Haladu ya dube ni ya ce, “Alhaji, kai ne amininshi. Mi ke nan?”

Sana'ata amana ce. Mutane suna miƙa mini takardun filayensu su tafi gida su yi barci. A zauren nan akwai uku da nake riƙe da takardunsu. Na auna yadda za su dube ni in na ce ni ne nake rufe ƙofa duk Asabar, ina zaro takarda daga hula, ina cewa ni wani mafarauci ne mai neman rijiyar aljanu. Awon bai ɗauke ni numfashi biyu ba. Na ce, “Ban san su ba, Malam.”

Sauran abokan wasanmu uku ba sa zauren. Da suka ji abin da na faɗa, su ma suka bi sahuna.

Da yake rubutun da haruffan Larabci ne, ba a zubar da shi a bola ba. Washegari kafin azahar aka haɗa wuta a bayan gida, aka ƙone littattafai da taswirori da hular, aka tona rami aka binne tokar. Ina tsaye ina kallo. Rana ta take, na duba ƙasa, babu wanda ke da inuwa a cikinmu. Na san haka rana take yi wa kowa a wannan lokacin, amma ban iya tsayawa an gama ba.

Daga nan magana ta bazu. Aka daina aika yara ɗiban ruwa gidan. Dangin ɗan acaɓan nan suka daina gaida matar Ashiru, har ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidansu. Ni kuwa ciniki ya ci gaba, har na sake shago.

Yanzu abin ya canza. Matasa suna irin wannan wasa a fili, suna zana ƙasashensu a waya suna nuna wa juna, wasu ma suna haɗa littattafan ƙari irin nasa suna rabawa. Ina tunanin me Ashiru zai ce in ya gani. Na tabbata zai ji daɗi, sannan ya fara gyara: kasuwar nan ta yi nisa da ƙofa, garin nan ba shi da inda ake samun ruwa. Ba ya yarda da birnin da jaki ba zai iya shiga da kaya ba.

A cikin irin waɗannan matasan ɗiyarsa Rukayya ta faɗa a jami'a. Ta ga shafi an tsaga shi gida-gida da lambobi, ta gane abin da aka ƙone tana kallo ta taga. Watan jiya ta zo shagona. Bayan mun gaisa, na tambayi mahaifiyarta da ƙannenta, sai ta ce, “Baba Alhaji, wasa ne, ko?”

Na ce wasa ne.

“Kuma ka sani tun ran nan.”

Na buɗe durowa na ciro littafi na goma sha huɗu. Shi kaɗai ya tsira, don Ashiru ya ba ni shi kafin ya kwanta ciwo, in duba masa tsarin kasuwar. Shekara bakwai ban buɗe shi ba. Tare muka bi shafukan har na ƙarshe. Akwai wani ɗan lungu da ya zana bayan kasuwa, da gida ɗaya mai ɗauke da sunansa. Ga alama ya san ciwon ba na tashi ba ne. Kusa da gidan akwai fili a bakin kwana, ba gini, ya rubuta a ciki: “Na dillali ne. Kada a ba kowa.”

Fili ne mai kyau, in don wurin ne. Sai dai na san su wa Ashiru yake ba wa wuri a birnin nan. Tun ranar, in rana ta take ina wajen awo, nakan nemi gindin katanga in tsaya.

Na miƙa mata littafin. Ta karɓa, ta ce ba shi ta zo nema ba. “A gaban mutane ka ce ba ka sani ba, Baba. A gaban mutane nake so ka faɗa.”

To ga shi na faɗa. Ni na zauna a teburin nan shekara shida. Babu tsibbu a ciki, babu asiri, Ashiru bai cuci kowa ba. Ya rubuta sunayen mamatan ne don ba ya son a manta da su. Mutanen unguwa da suka karanta wannan, su karanta wa waɗanda ba sa karatu, musamman dangin ɗan acaɓan.

In na rufe lissafi, abin da na tsirar shi ne mutuncina a idon mutum uku, biyu daga cikinsu ma tuni suka koma wajen wani dillalin. Abin da ya salwanta: littattafai goma sha uku, taswira tara, da shekara bakwai na zaman wata mata da 'ya'yanta cikin zargi. Sunan Ashiru mai yiwuwa ya dawo, in Allah ya so. Amma akwai wanda wannan rubutu ba zai riska ba. Malam Haladu ya rasu bara, kuma har ya kwanta ciwon ajali, bayan kowace salla yana kuka yana roƙon Allah ya yafe wa ƙaninsa shirka. Allah ya jiƙan su duka biyu.