Malamin da Ba Shi da Rumfa

Hutuna na farko daga jami'a a Zariya, bayan samun 'yancin kai, na iske Gwaggo Hajo a kasuwar Lolo tana cinikin kifi da mutanen Dahome. Karsanarta ta sayar don in karanta kasuwanci.

Ta ce, "Mi anka koya maka?"

Na gyara murya: "In kaya suka yi ƙaranci, farashi yakan tashi."

"Malamin naku, wace kasuwa shike da rumfa?"

"Ba shi da rumfa, Gwaggo."

"To tambayo min inda ya jiyo."

Da na koma Zariya na tambayi malamin. Ya ce a littafi, sannan ya roƙi in kai shi Lolo.

Ku fa, wa ya fara koya muku ciniki?