Gunvor Mai Sauraron Injuna

Duk Talata Gunvor na sayar da gahawa a filin tseren babur na ƙauyensu a yankin Småland na ƙasar Sweden. Tun da ɗanta Torgny ya fara hawan baburan nan marasa birki, ta juya wa filin baya. Da kunne take bin tsere. Muddin injuna na ruri, ɗanta na raye.

Ran nan maƙwabcinta Sixten ya ce, "Gunvor, raba mana gardama. Wa ya fi kowa iya hawan babur a tarihin Sweden?"

Sai injuna suka yi tsit ana tsakiyar tsere. Gahawa ta kwarare mata a hannu, ba ta ji zafi ba, har lasifika ta sanar cewa Torgny ya faɗi amma ya miƙe.

Gunvor ta ce wa Sixten, "Wanda ya komo wa uwarsa da ƙafarsa. Sauran kuwa, je ka maƙabarta ka jera su."