Loma Biyun Sanda

Sanda yana ƙaramin hafsan sojan ruwa ya iske kuratan jirginsu sun kewaye tire guda. Suka ce masa bismillah. Ɗan mutunci ba ya ƙin tayi, sai ya tsuguna ya yi loma biyu. Ashe bore suke ƙullawa saboda ruɓaɓɓen waken da kwamanda ke ba su. Kotun soja ta haɗa da shi, ya sha ɗaurin shekara bakwai.

Yanzu gadi yake a unguwar Longsight, a Ingila. Bara, wajen wata walima a Birmingham, sai ga kwamandan yana tsotsar ƙashi, maiƙo har gemu. Bai ma gane shi ba.

"Bismillah mana, malam."

Sanda ya ce, "Na taɓa ci. Har yau ban narkar ba."