Shafi Ashirin da Gara ta Cinye

A makarantarmu ta sakandare a Zango, kwafi ɗaya tak muke da shi na wani tsohon littafin adabi, shi ma gara ta cinye ƙarshensa. Labarin wani maraya ne da ya tashi ko takalmi babu, ya riƙa ɓoye hatsi sai an shiga yunwa ya fito da shi, har ya zama attajirin da ba a musa masa. Kwafinmu ya tsaya daidai inda ya tare a gidansa mai ɗaki arba'in. Ni kuwa ban ga aibin tsayawa a nan ba. Sau uku na karanta, kowane karo ina ƙara son mutumin.

A lokacin ɗan kawuna yana jigilar kaya a babur ta Kongolam da ke bakin iyaka, ta hanyoyin da mota ba ta bi. Duk Juma'a da sabuwar shadda yake zuwa. Ya ce in ina so akwai babur na biyu. Saura shekara ɗaya in gama, na yanke shawarar ajiye karatu.

Bakina ba ya riƙe magana, don haka labari ya kai kunnen malaminmu na adabi. Siriri ne mai riga biyu, fara da shuɗiya, har mukan ce da rigarsa ake gane ranar mako. Ya kira ni, na shirya shan wa'azi. Sai kawai ya ce, "Yaushe za ka tafi?"

"Ran Litinin, Malam. Ai ko mutumin littafin nan ba da boko ya yi arziki ba."

Ya ce, "To, ka ba ni zuwa Lahadi."

Ashe ran Asabar mota ya shiga zuwa Daura, daga can ya wuce Katsina gidan wani tsohon malaminsa mai cikakken kwafi. Tsohon bai yarda littafinsa ya fita ko ƙofar gida ba, wayar Malam kuma ba ta ɗaukar hoto. Sai ya zauna a zaure ya kwafe shafi ashirin da hannu.

Lahadi bayan la'asar ya yi sallama a gidanmu, ya miƙo mini littafin rubutu. "Ga sauran. In za ka tafi, kar ka tafi da rabin labari." Ko ruwa bai tsaya sha ba.

Na karanta. Attajirin ya tsufa yana tsoron 'ya'yan cikinsa, ba ya cin komai sai dafaffen ƙwan da ya ɓare da kansa. Gaskiya wannan bai girgiza ni ba, na ce a raina ni ba zan yi wautarsa ba. Rubutun Malam ne ya kama ni. Ya fara tsaf kamar na kan allo, wajen shafi na goma sha biyar ya soma karkacewa, a ƙarshe da ƙyar nake gane haruffan. Amma bai tsallake ko layi ɗaya ba. Na ji kunya ƙwarai, na kuma ji ƙaunarsa, don ban taɓa sanin akwai wanda zai sha irin wannan wahala saboda ni ba.

Ran Litinin ɗan kawuna ya daɗe yana danna oda a ƙofar gida. Ni ina aji. Da Malam ya zo kan sunana a rajista, sai da ya ɗan dakata kafin ya kira, bai ɗago kai ba. Na amsa da ƙarfi har 'yan aji suka yi dariya.