Kocin da Ya Ƙi Ƙarin Kaza

Miss Verlene ba ta iya zama wuri ɗaya, balle ranar da sabon kocin jami'ar garinsu a jihar Mississippi ta Amurka ya zo zawarcin jikanta Tavares, gwanin ƙwallon sakandare. Idan kocin ya kasa, jami'ar Oregon da ke can nesa za ta ɗauke yaron, sai dai gani a talabijin.

Ta soya kaza, tana ta zagaya tebur. Da ta miƙo ƙari, baƙon ya ce ya ƙoshi. Tavares ya ɓata rai, don a nan ƙin ƙari raina gida ne.

Ta zunguri kocin da cokali. "Ɗan nan, na Oregon cinya huɗu ya tashi da su. Buɗe baki!"

Ya ci har da gumi, Tavares kuwa ya zaɓi jami'ar garinsu. Yanzu duk Asabar da ƙafa take zuwa kallon Tavares, tana yi wa kocin tsiya daga tsaye.