Halilu, Direban da Ya Ƙi Liƙe Salansar Gwaggo

Shekara ashirin da shida ke nan, duk wanda gidansa ke kusa da ɗakin shan magani na Gwashi ya san abin da ke biyo bayan sallar asuba. Malam Halilu zai fito da buta a hannu, ya zagaya tsohuwar Fijon asibiti yana dukan tayoyinta da ƙafa, ya buɗe bonet ya duba baƙin mai, ya juye wa lagireto ruwan da ya rage a butar. Sannan ya tayar da ita. Idan ta kama, sai ya ɗauko dogon sukundireba ya kafa bakinsa a jikin inji, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya lumshe ido. Ta haka yake sanin lafiyarta. Shi ne direbanta, shi ne bakanikenta, kuma bai taɓa yarda wani ya sa mata hannu ba.

Gwaggo ake kiran motar, don faɗa gare ta. Salansarta a fashe take, idan ta tashi kaji sai sun watse, mai magana a kusa kuwa sai ya dakata ta wuce. Baƙi kan yi dariya su ce wane irin bakanike ne wannan da ya kasa liƙe rami ɗaya. Ni ma na taɓa yi masa wannan tsiyar, Allah Ya yafe mini. Kallona kawai ya yi ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma.

Sista Zipporah ce ta ba ni labarin ramin. Ita ce ungozomar asibitin, ta zo daga Kudancin Kaduna tana budurwa, yanzu furfura ta fito mata a kujerar gaba ta Gwaggo. Ta ce dutse ne ya fasa salansar a wani ƙetaren rafi, kuma Halilu ya yi niyyar kai ta wurin mai walda a Gummi. To a shekarar ne zaman ƙauye ya fara lalacewa. Mutane suka koma da sun ji ƙarar inji sai su kwashi yara su faɗa cikin dawa, domin waɗanda ke zuwa a kan injuna ba alheri ke kawo su ba. Wata rana a Tungar Badaru wata tsohuwa, Inna Hure, ta riƙe ƙofar motar ta ce, “Halilu, don Allah kak ka gyara mata wagga murya. In munka jiya ta, mun san kai na. Ita kaɗai ce ba mu gudu.”

Tun daga ranar bai sake maganar walda ba. A kan muryar ma ya gina aikinsa. Duk Litinin da Alhamis yakan bi hanyar tungaye har ƙarshenta ba tare da ya tsaya ba, sannan ya juyo. Tafiyar shela ce, dawowar ɗauka. Tungayen suna nesa da bakin hanya, babu sabis ɗin waya, amma kukan Gwaggo yana kai musu. Kafin ya dawo an fito da mai naƙuda a amalanke, an goyo yaron da zazzaɓi ya kayar, ana jira a gindin bishiya. Wanda Sista za ta iya da shi a tsaya Gwashi, wanda ya fi ƙarfinta a wuce Anka.

Kai ne, Halilu, ka yi ta jigilar yaran wajen Sunke a shekarun da gubar dalma ke kwasar su, suna sanƙarewa a cinyar iyayensu mata, kana tuƙi kana karanta duk addu’ar da ka iya. Kai ne bel ɗin inji ya tsinke maka a tsakiyar daji da mace tana zubar da jini a baya, ka karɓi ɗankwalin ƙanwarta ka murɗe shi ka ɗaura, ya kai ku bakin kwalta. Sharu mai shayi yana cikin motar ranar, har gobe yana rantsuwa a kai. Ba a taɓa ba ka lambar yabo ba. Ban ma tabbata akwai wanda ya san sunan mahaifinka a sakatariyar ƙaramar hukuma ba.

Sai mai ya yi tsada. Gwaggo kuwa, a faɗi gaskiya, mashayiya ce. Ƙungiyar ’yan asalin yankin da ke zaune a birane ita ke zuba mata mai, kuma ta gaji. Sakatarenta, Ubaidullah, mutumin kirki ne mai ilimi, ya zo da shawara: a haɗa hannu a sayo mota irin ta zamani, haibirid, wadda ke haɗa mai da batir. Ya yi bayani a taron da aka yi a harabar asibiti. Man da Gwaggo ke sha a fita ɗaya zai kai sabuwar fita uku. Tana da sanyi a ciki, ba ta jijjiga mai ciki, idan tana tafiya a hankali ma batir take amfani da shi, ko motsinta ba ka ji. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma Halilu bai musa ko ɗaya ba.

Da aka ba shi dama ya miƙe, hularsa a hannu. “Alhaji, ni ban ƙi sabuwa ba. Amma mutanen dajin ga ba mota sunka sani ba, murya sunka sani. Ku bar mani Gwaggo ta riƙa shiga tungaye, sabuwa ta ɗauki hanyar Anka.”

Ubaidullah ya yi murmushi. “Baba Halilu, mota biyu ai mai biyu ke nan, abin da muke gudu. Kuma ga hon, ka danna musu mana.”

“Hon kowa na da shi, Alhaji. Har waɗanda muke tsoro.”

Aka yi dariya, wani ya ce tsoho ya saba da tsohuwarsa ne kawai. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, amma ranar babu wanda ya tuna. Aka sayo sabuwa fara sol, aka ture Gwaggo bayan asibiti tana jiran ’yan gwangwan. Aka yi sanarwa a masallacin Juma’a da kasuwa cewa an canza mota. Abin da aka manta shi ne mutanen tungaye sun daɗe da daina zuwa kasuwa.

Halilu ya karɓi makulli, don ba mutum ne mai ƙin aiki ba. Ya ce mini ranar farko da ya kunna ta sai da ya sake kunnawa, ya zaci ba ta tashi ba. Ya buɗe bonet ya kafa sukundirebansa, bai ji komai ba, ya rufe. Fita ta farko suka je suka dawo babu kowa a gindin bishiya. Fita ta biyu ya hango wasu mata da itace a ka, da suka ga farar mota tana sulalowa shiru sai suka watsar da itacen suka shige dawa. Ya danna hon, abin ya ƙara musu gudu.

Fita ta uku ta faɗo ranar Alhamis. A Tungar Badaru akwai wata Zulai, matar Salim, naƙuda ta tsaya mata tun ranar Laraba. Salim ya kwantar da ita a amalanke tun hantsi, ya ajiye a inuwar rumbu, ya zauna ya kasa kunne. Ba ya iya fito da ita bakin hanya su yi ta zama a fili, kowa ya san abin da hakan ke jawowa. Hanyar wajen ta lalace, dole Halilu ya bi a hankali, motar kuma ta koma kan batir ta wuce shiru. A dawowa ya tsaya a gindin bishiyar, ya yi hon, ya jira. Sista na da wani yaro mai suma a baya, ga mararraba goma sha ɗaya irin wannan, ba ya iya shiga kowacce da ƙafa. Ya ja mota. Zulai ta rasu kafin la’asar, da abin da ke cikinta.

Kwana uku bayan haka Salim ya tako har Gwashi. Bai zo da faɗa ba, kuma da ya zo da shi da ya fi sauƙi. Ya durƙusa ya gaida Halilu ya ce, “Baba, lahiya dai? Ran Alhamis tun hantsi kunnena na ga hanya. Ban ji Gwaggo ba, nac ce ko wani abu ya same ka.” Sista ta ce a shekarun da ta yi da shi ba ta taɓa ganin hawayen Halilu ba sai ranar. Ya zauna a kan tayar Gwaggo ya rufe fuska da hula.

Ubaidullah ya zo ta’aziyya, ya yi kuka shi ma, ya ce a tayar da tsohuwar, man ya zama a wuyansa. Ihu bayan hari. Duk da haka Halilu ya tayar da ita, da waya da roba da kayan da ya tsinto a garejin Gummi. Ranar da kukanta ya sake ratsa dajin, mutum goma sha huɗu ya tarar a gindin bishiyoyi, wasu sun yi makonni a kwance. Wata biyar ta yi tana aiki.

A nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Shekara da shekaru Halilu yana zaune a kan wannan ƙara, ƙarar ta ci kunnensa. Ya daɗe yana ɓoyewa. Kullum da safe yana kafa sukundireba kamar yadda ya saba, ashe ba ya jin komai, al’ada ce kawai ta rage. Injin ya yi ta ƙwanƙwasa yana ba da sanarwa, irin wadda da can zai ji tun daga masallaci, bai ji ba. Wata Litinin, a hanyar dawowa, injin ya buga. An nema a Gummi, an nema a Gusau, ba a samu irinsa mai rai ba. Likita a Anka ya duba shi ya ce kunnen dama ya tafi, na hagu saura kaɗan, kuma mutumin da ba ya jin ƙarar babura a bayansa bai kamata ya bi wannan hanya ba.

A watan jiya ya ajiye makulli. Sabuwar tana nan, lafiyarta ƙalau, wani direba ke jan ta, ba ta shan mai. Tana fita Litinin da Alhamis, yawanci ta dawo da kujerun baya babu kowa. An gwada ɗaura mata lasifika, mutane suka ce su ma waɗancan da ake tsoro sun iya kiran sallah a bakin gari don a fito. Wataƙila wata rana a saba da ita. Nawa za a binne kafin ranar, Allah ne Ya sani, ni dai ba ni da wani albishir da zan ba mai karatu.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Masu taimako daga birni, Allah Ya saka muku, amma kafin ku sayo mana abu ku tambayi wanda ke bin hanyar, idan ya yi magana kuma kada ku yi dariya. Masu tuƙi da masu gyara, ku je ku zauna da Halilu tun yana iya ba da amsa, ku koyi yadda ake sa mutanen da tsoro ya cinye su yarda da kai.

Kai kuwa Halilu, na Gwaggo, mai shela da inji, mun gode. Ranar da ka ajiye aiki Sista Zipporah ta tsaya a gabanka ta faɗi wannan kalma har sau uku, tana ɗaga murya, kana kallon bakinta kana cewa “Mi kika ce, Sista?” Shi ya sa na rubuta. Na san kana karatun boko a hankali, da yatsa a kan layi. Ka karanta da idonka, Baba, tunda kunnen mu muka cinye shi.