Injin da Ya Tsare Baba a Zaure

Shekarar da Baba zai sauke farali, duk ƙauyenmu Balan sai da ya rako shi bakin hanya. Ina koyarwa a firamare a Gaya lokacin, don haka ni aka ɗora wa kai shi filin jirgi a Kano, tunda ni ne mai jin Turanci. Kafin ya fita ya bi gida-gida ya nemi gafara, liman ya yi masa addu'a a ƙofar zaure. A gidanmu, wanda aka yi wa wannan addu'ar ba ya sake taka cikin gida sai ya dawo daga Makka. Haka kakanmu ya yi da ya tafi a ƙafa.

Da muka isa Kano, jirgin kuwa ga shi muna hangensa ta bayan shingen waya, an buɗe injinsa ɗaya, makanikai sun kafa tsani. Na yi ta zarya har wani ma'aikaci ya ji tausayina. Ya ce masu ƙera injin ne suka aiko da umarni, duk jirgi mai irinsa ba zai tashi ba sai an kwance an duba farfelar ciki, an sauya wani ƙarfe. Ƙarfen kuma yana Turai.

Na koma na yi wa Baba bayani.

Ya ce, "Jirgin ya lalace ne?"

"A'a, Baba, lafiyarsa ƙalau. Gudun kada ya lalace a sama ne."

"To lafiyayye ake kwantarwa?"

Na san masu injin suna da gaskiya, amma haushi kamar ya kashe ni. Duk tsawon shekara ba su tuna da ƙarfensu ba sai da alhazai suka taru? Kullum sai a ce gobe. Dambun naman da Inna ta yi masa guzuri a gindin darbejiya muka cinye shi. Aka kawo wasu jirage suka kwashi na gaba, kafin layi ya zo kan mutanen Gaya da Ajingi an rufe tafiya. Ranar Arfa a motar komawa gida ta same mu.

A zaure Baba ya sauke akwatinsa, ya shimfiɗa buzu. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ɗauko liman da kansa ya gaya masa wannan al'ada ce, ba addini ba. Ya ce shi dai ya riga ya yi sallama, sai baɗi. Damina ta faɗi, zauren yana yoyo, Inna tana aiko masa da tuwo kamar baƙo. Har na rasa da wa nake fushi, da shi ko da masu injin.

Sanyi ya kama ƙirjinsa, bai ga baɗin ba. Sai da za a yi masa wanka muka ɗauko shi muka shiga da shi cikin gida. Inna tana tsaye a bakin ɗakinta, ta dubi abin da muke ɗauke da shi, ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji."